Wa da Ƙane a Gaban Makirufo Ɗaya

Gaisuwa ga mutanen Yelwa da Birnin Yauri, da na Wara da Libata a ƙasar Ngaski, da na Shanga, da ku masunta na tungayen bakin ruwan Kainji, waɗanda na san yanzu haka wani na ɗinkin koma, rediyonsa na rataye a jikin rumfa.

Yau sharhinmu zai yi doguwar tafiya. Maganar wani faifan waƙa za mu yi, wanda wasu Amurkawa biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suka fitar a shekarar 1984, bayan sun shafe shekara goma ba sa ga maciji da juna. Sunan wan Don, sunan ƙanen Phil, sunan gidansu Everly, duniya kuwa ta san su da Everly Brothers. Faifan suka raɗa masa suna EB 84, harufan farko na sunansu ke nan da shekarar da ya fito. Na san wani zai ce, to ina ruwan mai noman albasa a Yauri da waƙar Bature? A yi mini haƙuri a ba ni aron kunne. Garin nan namu garin waƙa ne. Nan Aliyu Ɗandawo ya dawo da zama bayan ya yi zamaninsa a fadar Argungu, nan kuma ɗansa Sani ya riƙe gadon har sunansa ya zaga ƙasar Hausa. In dai ana zancen abin da shekaru ke yi wa muryar mawaƙi ne, mu ba baƙi ba ne a wurin.

Kafin mu taɓa faifan, bari in bayyana irin waƙar da mutanen nan ke yi, don ta sha bamban da wadda kunnenmu ya saba da ita. Mu a nan waƙa jagora ce da amshi. Makaɗi ya ja, 'yan amshi su karɓa. Wani lokaci su yi masa ƙari, su ƙarasa abin da ya faro, yadda yaran Musa Ɗanƙwairo suka shahara da yi, har mutum ya rasa inda muryar maigida ta tsaya ta yaransa ta tashi. Amma ko a nan ɗin, in 'yan amshi huɗu suka buɗe baki, galibi layi ɗaya suke bi, murya guda suke son zama.

Su 'yan'uwan nan ba haka suke yi ba. Tare suke farawa, tare suke direwa, kalma ɗaya suke furtawa a lokaci ɗaya, sai dai kowa da matakin muryarsa. Don ne a ƙasa, shi ke riƙe da karin waƙar. Phil yana bisa da shi kaɗan, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da faɗi, yawanci tsallaken mataki guda ne. Don ya hau, Phil ya hau tare da shi. Ya sauko, su sauko tare. Ku mutanen ruwa kun fi kowa gane wannan. Mutum biyu a kwalekwale, ɗaya a goshi ɗaya a baya, kowa da filafilinsa, kowa da gefen da yake tuƙi. In filafilin ɗaya ya riga na ɗan'uwansa shiga ruwa ko da ƙiftawar ido ne, jirgi sai ya karkace. Wanda kuma ya taɓa giftawa ta bakin coci ranar Lahadi ya ji matan zumunta na rerawa da Hausa, wasu bisa wasu ƙasa, to ya ɗanɗani abin da nake nufi. Salon ma yana zama daram a harshe irin namu mai hawa da sauka, tunda muryoyin tare suke hawa tare suke sauka, kalma ba ta karyewa a baki.

Duk wanda ya kalli tsofaffin bidiyonsu zai ga makirufo ɗaya ne tsakaninsu, kowa rungume da jitarsa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Don yakan kalli jama'a ko ya lumshe ido. Shi kuwa Phil sau da yawa idonsa na kan bakin wansa. Yana karanta lokacin da zai buɗe baki, inda zai ja numfashi, inda zai ja kalma, inda zai datse ta. A riƙe wannan, domin shi ne ya sa rabuwarsu ta yi ciwo. Sana'ar ɗaya daga cikinsu ita ce kallon bakin ɗan'uwansa, dare bayan dare, ko suna shiri ko ba sa yi.

Gado ne suka tarar. Mahaifinsu Ike Everly mahaƙin kwal ne a jihar Kentaki, kuma gwanin jita. An haifi Don a can Kentaki a 1937, aka haifi Phil a Shikago a 1939. Da iyalin suka koma wani ƙaramin gari, Shenandoah, a jihar Ayowa, uban ya samu fili a gidan rediyon garin, sai ya riƙa jawo matarsa Margaret da yaran suna waƙa tare, tun Don bai cika shekara goma ba. Wato a ɗaki irin wannan da nake zaune ciki aka horar da muryoyin nan, manoma na sauraro kafin su fita gona. Ba su manta ba kuwa. A 1958, lokacin da suke tsakiyar tashe kowa na jiran su sake sako waƙar samari, sai suka fitar da faifai sukutum na tsofaffin waƙoƙin da ubansu ya koya musu. Mutumin Yauri da ya ji Sani Ɗandawo na ambaton mahaifinsa ba ya buƙatar a fassara masa wannan hali.

Tashensu ya fara a 1957, Don na da shekara 20, Phil 18. Wasu mata da miji marubuta waƙa a birnin Nashbil, Felice da Boudleaux Bryant, suka ba su Bye Bye Love, ta kai ta biyu a jadawalin waƙoƙin Amurka. Wake Up Little Susie ta zo ta ɗaya a wannan shekarar, All I Have to Do Is Dream ta zo ta ɗaya a 1958. A 1960 suka koma kamfanin Warner Brothers kan yarjejeniyar dala miliyan ɗaya, suka buɗe da Cathy's Clown, ita ma ta ɗaya. Abin da suka yi shi ne sun ɗauko haɗin muryar 'yan'uwa na mutanen karkarar Amurka suka ɗora shi kan sabon kiɗan samari da ake kira rok. Yara a Ingila suka ji suka kwaikwaya. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya faɗa da bakinsa cewa lokacin da shi da John Lennon suka fara waƙa, shi ne ke zama Phil, John ke zama Don. Paul Simon da Art Garfunkel ma daga nan suka ɗauki darasi.

Daga nan sai abubuwa suka fara kwancewa. A 1961 suka saɓa da Wesley Rose, mai kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin iyalin Bryant, aka toshe musu rijiyar da suke sha. A ƙarshen shekarar suka shiga horon sojan ruwa. A 1962 Don ya faɗi rashin lafiya a Ingila saboda ƙwayoyin ƙara kuzari da ya saba da su, Phil ya ƙarasa zagayen ba tare da shi ba. A 1964 kuma yaran da suka koya daga gare su, su Beatles, suka sauka Amurka suka kwashe kasuwar. Sun ci gaba da fitar da faifai, har da wani mai kyau ƙwarai mai suna Roots a 1968, amma jama'a sun riga sun juya.

Ranar 14 ga Yuli 1973, a wani wurin shaƙatawa da ake kira Knott's Berry Farm a Kalifoniya, abin ya fashe a bainar jama'a. Don ya riga ya sanar cewa ya gaji, wannan ne wasansu na ƙarshe. Ya hau dandamali ya sha ya yi tatul, yana ɓata waƙa, aka dakatar da wasan. Phil ya maka jitarsa da ƙasa ya fice. Don ya ƙarasa sauran wasannin shi kaɗai, har ya gaya wa jama'a cewa ai Everly Brothers sun mutu tun shekara goma da suka wuce. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma wannan saɓanin shekara goma ya yi. In ban da jana'izar mahaifinsu a 1975, kusan ba abin da ya haɗa su. Kowa ya gwada waƙa shi kaɗai, ba wanda ya kai ko kusa da inda suka kai tare.

A watan Satumba 1983 suka sake hawa dandamali ɗaya a babban zauren Royal Albert Hall da ke Landan, wani makaɗin jita Baturen Ingila, Albert Lee, na jagorantar makaɗa. Aka naɗi wasan, aka nuna shi a talabijin. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne haɗin muryar na nan yadda aka bar shi. To a kan wannan ɗokin ne kamfanin Mercury ya sa hannu da su, aka shiga situdiyo.

Yanzu mu zo kan faifan kansa. Waƙa 10 ne a ciki. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Dave Edmunds, mutumin yankin Wales a Birtaniya, wanda ya tashi yana kwaikwayonsu, har ya taɓa naɗar wasu waƙoƙinsu tare da abokinsa Nick Lowe. Shi ya nemi Paul McCartney ya rubuto musu waƙa, ya kuwa rubuto On the Wings of a Nightingale, ita ce ta buɗe faifan. Jeff Lynne ya kawo The Story of Me. Suka ɗauko tsohuwar waƙar Bob Dylan, Lay Lady Lay. Don ya rubuta uku da hannunsa: Following the Sun, da You Make It Seem So Easy, da Asleep wadda ta rufe faifan. Ku lura da tsarin. Almajirai ne suka girma suka yi suna suka yi dukiya, suka dawo kowa da abin da zai miƙa wa malamansa. Wannan kaɗai abin a yaba ne, domin ba kowane ɗalibi ke waiwaye ba.

Amma ni ba zan ce muku faifan nan ya kai na ƙuruciyarsu ba. Bai kai ba. Kuma laifin ba na muryoyin ba ne. Shekarun 1980 suna da wani yayi a situdiyo: a ƙara wa ganga ƙarfi da inji har ta riƙa amsa-kuwwa, a cika kowane gurbi da sautin fiyano mai lantarki, a goge komai ya yi santsi. An yi wa wasu waƙoƙin faifan nan wannan kwalliyar don su shiga rediyon samarin lokacin. Sakamakon shi ne a yau, in ka sa Bye Bye Love ta 1957, jita ce da murya biyu, ba ka damuwa da shekarunta. In ka sa wasu daga cikin waƙoƙin EB 84, bugun ganga na farko zai gaya maka shekarar da aka yi su. Wadda aka yi wa ado don ta yi zamani ita ta riga tsufa.

Inda faifan ya ci sunansa shi ne wuraren da makaɗa suka ja da baya. A waƙar McCartney, wadda duka-duka minti biyu da rabi ce, an bar jita na tafe muryoyin na bisa, har ka ce ba a taɓa rabuwa ba. A Asleep kuwa, mai tafiyar hawainiya, wani abu daban ake ji. Don na da shekara 47 lokacin, Phil 45. Muryar Don ta yi kauri, ta ɗan yi kaushi a gefe. Ta Phil har yanzu tana kaiwa bisa, amma wancan kaifin na ɗan shekara 18 ya ragu, numfashi ya shigo cikinta. Yaran 1958 suna rera kewa ne yadda aka koya musu. Waɗannan na 1984 sun yi aure sun rabu, sun binne uba, sun ga kasuwa ta watse ta bar su, sun yi shekara goma kowa na jin haushin ɗan'uwansa. Duk wannan yana cikin sautin, ko ba ka jin Turanci. Ni a ganina wannan shi ne abin da ake zuwa nema a faifan da mawaƙi ya yi bayan tashensa ya wuce. In ƙuruciyarsa kake so, tsohon faifan na nan, je ka saka. Sabon kuwa aikinsa ya jiyar da kai abin da shekaru suka yi wa muryar. Duk furodusan da ya rufe wannan da ƙarar kayan kiɗa, ya ɓoye hajar da aka zo saye.

Kasuwa ta karɓe shi daidai gwargwado. Faifan ya shiga cikin 40 na farko a Amurka da Ingila, waƙar McCartney ta tsaya ta 50 a Amurka. Ga mutanen da suka saba da ta ɗaya, ba wani abin a buga ganga ba ne. Ga mutanen da aka riga aka yi wa sallama kuwa, ba ƙaramin abu ba ne.

A nan bari in ɗan ratse. Kun ji ina ta cewa bayan tashe, ina maganar tsufa, alhali mutanen nan ko hamsin ba su kai ba. A ƙasar Hausa makaɗi ɗan shekara 47 yanzu ma ya fara nuna. Ɗanƙwairo ya yi waƙa har tsufa kafin rasuwarsa a 1991. Mamman Shata bai ajiye ba sai da ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a 1999. Barmani Coge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, dukansu da furfura aka ci gaba da kiransu biki. Dalili a fili yake. Makaɗinmu na da ubangida, da fada, da masu sana'ar da yake yi wa waƙa, kuma abin da ake biya a wurinsa shi ne sani: ya san kakan wane, ya san wanda ya ci wane gari, ya san kirarin gidan. Wannan haja ce da ke ƙara tsada da shekaru. Shi kuwa mawaƙin rok, iyayen gidansa 'yan makaranta ne masu sayen faifai da kuɗin kashewa. Bayan shekara biyar sun girma, ƙannensu sun zo da nasu gwanin. Shi ya sa a can ɗan shekara talatin yakan wayi gari tsohon yayi. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, waƙar Hausa ta situdiyo ta yau ta ɗauki hanyar kasuwarsu, ta bar ta fadarmu. Mawaƙan da suka yi tashe a finafinan Kano shekara ashirin da suka wuce, nawa ne daga cikinsu ake jira a ji sabon aikinsu yau?

Mu koma. A 1986 suka sake fitar da wani faifan, Born Yesterday, shi ma da Dave Edmunds. Ni wannan ya fi kwanta mini. A ciki akwai Why Worry ta Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits, waƙar lallashi ce, an rage kayan kiɗa an bar musu fili, kuma in za a tambaye ni waƙa ɗaya daga duk abin da suka yi bayan dawowarsu, ita zan nuna. A wannan shekarar aka sa su cikin rukunin farko na waɗanda aka karrama a zauren tunawa da gwanayen rok na Amurka, tare da su Elvis Presley da Chuck Berry da Ray Charles. A shekarar dai Paul Simon ya gayyace su suka yi masa amshi a waƙar Graceland. A 1988 suka fitar da Some Hearts, bai yi kasuwa ba, daga shi kuma ba su sake yin faifan situdiyo tare ba, duk da sun ci gaba da yawon wasa har cikin shekarun 2000.

Kada wani ya ɗauka labarin nan na sulhu ne irin na fim, a rungumi juna a yi kuka a rufe labule. Halinsu ya bambanta, ra'ayinsu ya bambanta, kuma ko bayan dawowar, zaman nasu na lallaɓawa ne. Phil ya rasu ranar 3 ga Janairu 2014 da ciwon huhu, bayan shekaru yana shan taba, yana da shekara 74. Don ya ce shi a zatonsa shi zai riga tafiya. Amma a 2017 sai ga shi a kotu da magadan ƙanensa kan wane ne ainihin marubucin Cathy's Clown, alƙali ya ba shi gaskiya a 2021, watanni kaɗan kafin rasuwarsa ranar 21 ga Agusta, yana da shekara 84. Mahaifiyarsu Margaret ta ga mutuwar 'ya'yanta biyu, ta bi su a ƙarshen wannan shekarar tana da shekara 102. Saboda haka abin da EB 84 ya tabbatar bai kai a ce zukata sun daidaita ba. Ya dai nuna cewa abin da aka dasa a bakin yara tun suna ƙanana, faɗan manya bai iya tuge shi ba. Su biyun sun san kowa shi kaɗai mawaƙi ne mai kyau cikin dubu, amma tare babu na biyunsu, suka haɗiye abin da za su haɗiye suka tsaya a makirufo ɗaya. Duk wanda ya taɓa haɗa jirgi ko gona ko shago da ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya san nauyin wannan.

Mu ma a Najeriya mun yi irinsu. Tagwayen nan Taiwo da Kehinde, Lijadu Sisters, a Jos aka haife su a 1948, suka tashi a Ibadan. Haɗin muryarsu har ya fi na su Don matsewa, tunda su tagwaye ne. Sun yi wasa da Ginger Baker, makaɗin gangar rok na Ingila, suka fitar da faifai huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979, na ƙarshensu Horizon Unlimited. Suka koma Amurka, Kehinde ta rasu a can a 2019. Su ba su samu nasu EB 84 ba. Ba wani babban mawaƙi da ya tashi da waƙarsu ya dawo ya ja su situdiyo suna da shekara hamsin ko sittin, duniya ta ji yadda muryoyin suka koma. A 2024 wani kamfani a Amurka ya sake buga faifan nasu na 1979, ɗaya ta riga ta kwanta dama.

To ina muke a nan gida? Ku je kasuwar Yelwa wurin masu cajin waya da tura waƙa. Ka ce a sa maka Ɗandawo, yaro zai jona memori a kwamfuta ya zuba maka waƙa talatin a 'yan mintoci. Ka duba sunayen: wata an rubuta sunan wanda aka yi wa, wata lamba ce kawai, wata an laƙa mata sunan wani mawaƙin daban. Babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan ɗan amshi ko ɗaya. Yawancinsu daga kaset aka juyo, kaset ɗin ma a wurin biki aka naɗa, ana jin maroƙi na ratsowa, ana jin janareta. Wace ce ta ƙuruciya, wace ce ta girma? Sai wanda ya san muryar ya yi kintace. Su Everly, kowace waƙa an san ranar da aka naɗe ta da wanda ya buga kowane abu, shi ya sa yau na iya zama a nan ina auna 1957 da 1984. Namu gwanayen da suka fi su daɗewa a fage, ba mu da abin auna su.

Situdiyon kuwa yanzu ba su da wuya, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta da fiyano. Sai dai ku saurari abin da ke fitowa. Mawaƙi ɗaya ne zai yi jagora, ya dawo ya yi wa kansa amshi, a ninka muryarsa, inji ya gyara masa inda ya kauce. Ba ya buƙatar kallon bakin kowa. In kuma aka yi sa'a aka kawo dattijon makaɗi, abin da aka yi wa su Don shi ake yi masa, har ma fiye: a sallami rabin 'yan amshinsa don ɗakin ba zai ɗauke su ba, a maye gurbin kotso ko kalangu da gangar fiyano, a goge kaushin muryar da ya shekara arba'in yana tarawa. Ya fito ba shi ba, ba kuma yaron zamani ba.

Ga kuma wani lissafi da ya shafe mu mu kaɗai. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau, aka tashi mutum sama da dubu arba'in daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa da yawa. Yaron da ke da shekara 15 a lokacin, wanda ya koyi waƙar tuƙi da ta noma da ta biki a tsohon mazauni daga bakin iyayensa, yau ya haura saba'in. Akwai irinsu a ƙauyukan Shanga da Ngaski da Yauri, maza da mata, wasu ma wa da ƙane ne ko ya da ƙanwa da suka tashi suna karɓa wa juna. A bikin Rigata mukan ji ɗan abin da ya rage, cikin hayaniya da lasifika. Ina kira ga samarinmu masu situdiyo, da 'ya'yan ƙasar nan masu hali, da gidajen rediyo har da wanda nake magana daga cikinsa: aikin ba ya cin kuɗi mai yawa. Ɗaki mai shiru, makirufo mai kyau, a kawo dattijo da mutanen da ya saba waƙa da su, da kayan kiɗansa na asali. A rubuta rana da wuri da sunan kowa. Mai fiyano ya zauna a waje ya sha shayi.

Mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure. Za mu sa muku biyu a jere, ta McCartney daga faifan 1984, sannan Why Worry ta 1986. Muryar Don ba sai kun neme ta ba, ita za ta fara isowa kunnenku. Ku nemi ta Phil a bisanta, ku bi ta ku ji ko akwai inda ta saki ta wansa. Malam, sako mana ta farko.